Hanyar Cikin Garka

Shekara goma sha tara ke nan ina ɗauke da alkawarin da ban cika ba, a kan wata siririyar hanya a unguwar Yerimaram.

Ni na yanka wa Abatcha, Babarbare mai fataucin shanu, fili a bayan garkata. Filin ba shi da mafita sai ta cikin garkar, ta nan kuwa ɗansa Kaumi yake bi zuwa kasuwar shanu. Nan ya fara ganin 'yata Hansatu tana tsinkar kuɓewa.

"Sannu da aiki, sarauniyar garka," in ji shi.

"Kai dai wuce, kada ka taka mana shuka," ta ce, tana ɓoye dariya cikin mayafi.

Da na lura tafiyar taku ashirin tana cinye wa Kaumi rabin hantsi, sai na jibge ƙaya na toshe hanyar. Kwana uku mutanen gidan Abatcha suna haura katanga. A na huɗu na tsinci takardar ajami maƙale a ƙayar:

"Hansatuna, mahaifina ya kai ƙara, ba da son raina ba. Ki bi umarnin Baba. Ni ina nan, ko shekara nawa ne."

Ranar shari'a, alƙali ya dube ni ya ce, "Malam Lawan, hanya a filin wani tana tabbata ta fuska uku: larura ta tilasta, ko a daɗe ana bi ba a hana ba, ko mai fili ya bayar a rubuce. Biyu sun riga sun kama ka."

Kaumi ya durƙusa gaban alƙali. "Allah ya gafarta Malam, ni da Baba Lawan zai yarda, ta ƙofar zaurensa nake so in shiga, tare da magabatana."

Kotu ta ɗauki dariya, har da ni. Na ba shi Hansatu, na kuma yi alkawarin cika ta ukun, in ba da hanyar a rubuce. Bayan girbi aka ɗaura aure, ta cikin garkar aka kai amarya, ana guɗa.

Girman kai ya hana ni rubutun. Bana ma'aikatan En'e suka fara awon filaye, na ji tsoron in mutu magada su musanta hanyar.

Yau da hantsi na rubuta, shaidu biyu suka sa hannu. Na bi ta garkar na miƙa wa Hansatu.

Ta karanta, ta kira mijinta. "Kaumi, zo ka gani, yau Baba ya yarda ka wuce."

Allah ya yi musu albarka.