Shokazobar Babur ɗin Manu

Ni na fara gani. Kafin iyayensu, kafin 'yan gulmar tasha, kai, kafin su kansu su sani. Ban yi boko ba, amma na ci yunwar saba'in da uku, na yi amai da gudawa na tashi, na binne duk sa'o'ina, kuma idona bai taɓa yi mini ƙarya ba. Facin taya nake yi a bakin tashar Malumfashi, rumfata jingine da ta Aƙilu mai gyaran babur.

Zamanin ne da aka kawo wa malaman gona babura masu dogayen ƙafafu, masu shiga daji. Manu ɗan Malam Ummaru na Gozaki ya sayi kwancen ɗaya. Ranar kasuwa ya shigo da ƙanwarsa Sakinatu a baya, gindin babur ɗin na zaune kamar jakin da ya gaji.

Aƙilu ya durƙusa ya shafa shokazobar baya, ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye gargada. Ya ɗago yatsa jiƙe da mai.

"Ta mutu, Manu. Duka biyun. Ka bar shi in sayo sabbi a Funtua."

"Sai na sai da auduga. Lallaɓa mini mu kai gida."

Aƙilu ya murɗa su zuwa tsani na ƙarshe, suka yi tauri. Sakinatu na tsaye tana kallon ƙeyarsa.

"Kai kullum ƙasa kake kallo?" in ji ta.

"In na ɗago, aiki zai ɓaci."

Ya ɗago ɗin. Sifana ta faɗi daga hannunsa. Ni kuwa na ce a raina, an gama.

Daga nan duk ranar kasuwa sai Sakinatu ta sami aike gidan gwaggonta a Malumfashi. Tana kiransa Baƙin Hannu, yana kiranta Sanyin Gozaki. Yakan wanke hannu da kananzir har fata ta yi fari kafin ya je zance, ita kuma ta ce, "Bar shi, haka na gan shi, haka nake so."

Auduga ba ta kai ga tsinka ba Manu ya ɗauko buhun taki biyu. A kwazazzabon da ke gab da Gozaki gindin babur ya buga, ya yi tsalle, ya kifar da shi. Wuyansa ya karye. Ko shurawa bai yi ba.

Ranar sadakar uku, Abdussamad malamin awon auduga, wanda ya daɗe yana neman Sakinatu, ya matsa kusa da Malam Ummaru ya ce, "Baba, a tambayi wanda ya taɓa babur ɗin nan ƙarshe." Da manyan Aƙilu suka kai maganar aure bayan arba'in, tsohon bai ko amsa gaisuwa ba. Ya ce, "Hannun da ya taɓa wannan ƙarfe ba zai karɓi ɗiyata ba." Aka jingine babur a zaure, aka rufe da buhu.

Aƙilu bai musa ba, abin da ke cinsa ke nan. Ya riga ya sayo sabbin shokazoba, suna rataye a rumfa cikin takardarsu. Masu saye suka yi ta zuwa, ya ƙi sayarwa. Ya rame har wandonsa na zamewa.

Sau ɗaya Sakinatu ta tsaya a bakin rumfar, ba ta shiga ba.

"Baƙin Hannu, kai ne?"

"Na ce masa ta mutu. Amma na murɗa masa, na bar shi ya tafi."

Ta ce, "An ce bayan girbi za a ba Abdussamad ni. Ban ce to ba. Ban kuma iya cewa a'a ba, Baba kuka yake."

Cikin marka, ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, sai ga ta da hantsi, taɓo har gwiwa. Da ƙafa ta fito har titi. Kububuwa ta sari Malam Ummaru a gona. An yi ta jiƙe-jiƙe da tsaga, yanzu dasashinsa jini yake. Motar Abdussamad ta kafe tun a rafin farko, ya juya.

"Babur ɗin Yaya na nan," ta ce. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Aƙilu ya sauke shokazobar nan, ya ɗauki galan ɗin fetur. Ni na ɗauki akwatin sifanu, don babu wani mai zuciyar binsu sai ni. Mota ta sauke mu a mararraba, muka taka.

A zaure ya ɗora cikin babur kan turmi, tayar baya ta yi lilo. Ya kwance ɓangare ɗaya tukuna, don kada ƙafar babur ta zube. Ya sa sabuwa, ya zura ƙusar sama. Ta ƙasa ta ƙi haɗuwa da raminta.

"Sanyi, ɗaga mini tayar. Kaɗan. Tsaya nan."

Ta riƙe, ƙusa ta shige. Ya koma ɗaya ɓangaren. Daga cikin gida muna jin nishin tsohon. Mata na cewa a yi sauri, amma Aƙilu ya ƙi ɗaure notuna.

"Ba a ɗaurewa sai da nauyi a kai. Mutum uku za mu hau. Baba mai faci, hau. Sanyi, hau bayansa. A ɗora buhun masara."

Muka hau, taya ta kusa lasar madigadi, murfin da ke samanta. Muka sauka, ya murɗa tsani ɗaya dama, ɗaya hagu, don in suka bambanta babur karkacewa yake. Muka sake hawa. Ya zura hannu tsakanin taya da madigadi, ya ce mu yi tsalle a zaune. Ni dattijo da gemuna ina sukuwa a zauren mutane! Ya ƙara murɗawa, ya sake gwadawa, sannan ya ɗaure.

Aka fito da Malam Ummaru, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi. Da ya ga babur ya ce, "Ko gawata kada a ɗora a kan wannan."

Uwarsa, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ta dogara sanda ta fito. "Na binne jika, ba zan binne ɗa ba. Ku ɗaure shi."

Da rawaninsa aka ɗaure shi a bayan Aƙilu, ni na tallafe shi ta baya. Jinin bakinsa na zuba a rigar yaron. Da muka iso kwazazzabo Aƙilu ya rage wuta. Gindin babur ya nutse, ya taso a hankali, bai buga ba.

"Nan ne?" in ji tsohon.

"Nan ne, Baba."

"Me ka yi wa nasa?"

"Na san ta mutu, na murɗa masa. Da na riƙe makullin, da yana nan."

Na ji tsohon ya kifa goshinsa a bayan yaron.

A asibitin Malumfashi aka yanke ƙafar daga gwiwa. Aƙilu ya rufe rumfa, shi ke juya shi, shi ke zubar da fo. Ranar sallama Malam Ummaru ya ce, "Manu ko ni bai taɓa jin maganata ba. Da ka riƙe makulli, da haɗa waya zai yi ya tayar. Turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, ba kiɗa, ba guɗa, don gidan bai gama kuka ba. Tsohon na zaune da sandunansa ya kama baƙin hannun nan ya ce, "Allah ya ba ku zuri'a mai jin magana. Allah ya yi muku albarka." Sakinatu ta ce da angonta a hankali, "Yanzu kana iya ɗagowa." Ya ce, "Amin, Sanyina," amma idonsa ya cika.

Duk wanda ya ce ƙari nake, ya zo. Har yau ina iya zama a bayan babur. Ya jira marka, in ɗaure shi da rawani, mu bi hanyar Gozaki, mu ga wanda zai fara kiran uwarsa.