Sun Ce Tallafi Ne

A layin ofishin bashin karatu suka haɗu, a benci ɗaya, ƙarƙashin fankar da ba ta juyi. Ita lambarta arba'in da ɗaya, shi arba'in da biyu.

"Me kika karanta?" in ji Dogo.

"Akanta. Yanzu ɗinki nake. Kai fa?"

"Fassara. Ina gamawa waya ta fara yi wa mutane kyauta."

Ta yi dariya har gilashinta ya zame. Tun ranar yake kiranta Arba'in da Ɗaya.

Dogo ɗana ne. Ni na dangwala yatsa a takardar bashinsa, don sun ce min tallafi ne. A sanina tallafi shi ne a ba ka, ka ce na gode. Ba wanda ya gaya min yana haihuwa.

Kullum daga shagon gyaran wayar da yake aiki yake tura mata saƙo: "Arba'in da Ɗaya, ina bayanki har yanzu."

Ita kuma ta mayar: "To kar ka tsallake layi, Dogona."

Wata rana wayarsa ta yi ƙara a hannunta. Sunan da ya fito Masoyiya, saƙon kuma: "Muna tuna maka, saura kwana uku." Ta ajiye masa wayar ta tafi. Sati biyu ba ta ɗaga kiransa ba. Ga wani mai shagon taya, ba digiri ba bashi, ya fara sintiri gidansu.

Dogo ya same ta a bakin keken ɗinki.

"Kira lambar da kanki."

Ta kira. Ofishin bashi ne.

"Ita kaɗai ce ba ta taɓa mantawa da ni ba," in ji shi.

"Kai dai ba ka da kunya. Goge sunan nan yanzu!"

Saura babanta, tsohon malamin makaranta. Ya ce ba zai haɗa bashi biyu a ɗaki ɗaya ba. Na yafa mayafi na tafi da kaina.

"Malam, nawa ka biya da ka yi naka karatun?"

"Mu a zamaninmu kyauta ne. Har sabulu ake ba mu."

"To su fa, me suka sata? Ni ban iya karatu ba, na dangwala. Kai da ka iya, wa ya sa hannu a takardar 'yarka?"

Ya daɗe yana goge tabarau. Sannan ya ce a turo manya.

An ɗaura aure ranar Asabar. Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su 'ya'yan da za su yi karatu ba da yatsan kowa ba.

Ranar Litinin ni da surukata muka koma bencin nan da takardar. Ita za ta karanta da ƙarfi, layi-layi. Ni kuma ba zan tashi ba sai an fito min da wanda ya ce tallafi ne.