Taraktar da Ta Sha Kuka

A wani ƙauye can, an yi wani manomi mai tsohuwar tarakta, gadon mahaifinsa. Wata rana da rani, lagiretonta, ma'ajin ruwan sanyaya inji, ya fara yoyo.

Bakaniken garin ya ce, "Ɗana, kawo ta in yi mata walda tun ruwa bai sauka ba."

Manomi ya ce, "Baba, garin kuka ya isa." Ya zuba garin kuka a ciki, yoyo ya tsaya.

Yoyo ya dawo, ya ƙara kuka. Ya sake dawowa, ya sake ƙarawa.

Da damina ta faɗi, ya tafi yi wa gwaggonsa huɗa, tsohuwar da ba ta da kowa sai shi. Yana kuyya ta farko inji ya ɗau zafi, ya yi hayaƙi, ya mutu.

Bakanike ya buɗe, ya ga kuka ta toshe hanyar ruwa. Ya ce, "Ɗana, ka dafa mata miya, ta ƙone. Wannan ba ta tashi kuma."

Gwaggo ta ɗauki fartanya, ta duƙa. Manomi ya tsaya yana kallon bayanta.