Babu Shayi a Gidanmu

Kujera ɗaya ya bari tsakaninmu.

Abin da na fara lura da shi ke nan da muka zauna a zauren jira na ofishin shirin horar da malamai, a birnin Leeds na Ingila. Hugo, wanda ko a jirgin ƙasa sai ya matse ni jikin taga wai sanyi yake ji, yau ya ɗora jakarsa a kujerar tsakiya ya zuba mata ido kamar za ta gudu.

"Masoyi... lafiya?"

"Lafiya lau, Lili. Kuskure kawai suka yi, yanzu za a warware."

Sunana Leanne, shi kaɗai ke ce mini Lili. Wasiƙa iri ɗaya aka aiko mana ranar Litinin: an dakatar da duba takardunmu, mu zo mu biyu, akwai abin da ake son a fayyace. Ba a faɗi ko mene ne ba.

Shirin na shekara biyu ne. Ana zaɓar waɗanda suka gama jami'a da sakamako mai kyau, a horar da su, a tura su makarantun da malamai ke gudu. Dubbai ke nema, kaɗan ake ɗauka. Mun tsallake matakin takarda. Mun tsallake ranar gwaji, inda na tsaya gaban manya uku da suka mai da kansu 'yan aji, ɗaya na barcin ƙarya, ɗaya na jifa da takarda, na koyar da su waƙa cikin minti bakwai. Wajen zaɓen yanki duk mun rubuta gabar teku ta gabas, muka sa alama a akwatin da ke neman a haɗa mu wuri ɗaya. Har gidan haya mun gani a hoto, a garin Cleethorpes, mai 'yar taga da ake hango teku in an yi ɗage.

Babu wanda ya so mana tafiyar. Mamata, wadda ta shekara ashirin da biyu tana gyaran kifi a masana'anta a garinmu Grimsby, cewa ta yi ba ta ga amfanin jami'a ba in dai ƙarshenta zan koma irin makarantar da na samu na tsere wa. Maman Hugo kuwa ta yarda ne don an ce mata manyan ofisoshin lauyoyi na London suna son ganin sunan shirin a takardar mutum. Nufinta ya yi shekara biyu ya dawo gida. Ni ma, a nata tunanin, cikin shekara biyun nake, da sun ƙare zai rabu da ni. Ranar da na fara zuwa gidansu a Surrey, can kudu, sau uku ta sa na maimaita magana ɗaya tana murmushi, wai harshenmu na arewacin Ingila daɗi yake mata. A tebur kuma ta zaunar da Imogen, 'yar ƙawarta, a gefen ɗanta. Imogen ta riga mu shiga shirin da shekara guda, ta san abin da masu zaɓe ke son karantawa, kuma ba ta gajiya da tuna wa Hugo hakan.

Akwai tambaya ɗaya a takardar neman: ka ba da labarin abin da ka gani da idonka na yadda talauci ke tare wa yaro hanyar karatu.

Mako uku na yi ina kewaye ta. Daga ƙarshe na rubuta gaskiya.

Ina shekara goma sha uku babanmu ya tafi, Mama kuma ta kwanta ciwon baya wata huɗu. Duk lokacin sanyin nan babu shayi a gidanmu. Mu a Grimsby abincin yamma muke ce wa shayi, ko kifi ne da dankali, ko da ba a ɗora buta ba. Abincin rana na kyauta da ake ba mu a makaranta shi ke riƙe ni har washegari. Malama Odling ce ta gane. Ba ta tambaye ni komai ba. Sai ta ƙirƙiro ƙungiyar karatu bayan an tashi, wadda ni kaɗai ce 'yar cikinta, kullum kuma ta zo da burodi da cuku kashi biyu tana mita wai mijinta bai san awo ba.

Tun makon farko a jami'a na daina kiran abincin yamma shayi, bayan dariyar da aka yi mini. Sau ɗaya kalmar ta suɓuce mini, a shekararmu ta biyu, muna zaune bakin kogi da Hugo. Na ce masa ina shekara goma sha uku, bayan tafiyar babanmu, Mama na kwance, an yi wani lokacin sanyi da babu shayi a gidanmu, na ce masa wata malama ta buɗe mini ƙungiyar karatu ni kaɗai. Daga nan kuka ya ci ƙarfina. Ban iya furta kalmar yunwa ba. Ya rungume ni, shi ma idonsa ya kawo ruwa, ni kuwa na ɗauka ya ji ta.

Ƙofa ta buɗe. Wata dattijuwa mai furfura, Malama Blanchard, shugabar masu zaɓe, ta ce mu shigo. Tana buɗe baki na ji harshen mutanen Hull, garin da ke tsallaken koginmu.

Ta ajiye takardu biyu a tebur, ta juyo da su gabanmu. Wasu layuka an shafa musu rawaya.

Na karanta tawa. Sannan na karanta tasa.

Yarinya 'yar shekara goma sha uku. Uba ya tafi, uwa na kwance. Babu shayi a gidansu. Sai dai a takardar Hugo, yarinyar wata ce da ya haɗu da ita yana aikin sa kai a wani ƙauye kusa da jami'a, kuma shi ne ya buɗe mata ƙungiyar karatu.

Malama Blanchard ta ce dokarsu a fili take. Wanda ya yi ƙarya an cire shi. In kuma ba a gane mai ƙaryar ba, duka biyun za a cire. Ta dube ni ta ce in fara.

Ni dai Hugo nake kallo. Kalma ɗaya nake jira daga gare shi, ya ce nata ne. Da ya faɗa, na rantse da na yafe masa kafin mu kai ƙofa.

Ya gyara zama. Cikin muryar nan tasa mai laushi da ke sa kowa ya saurara, ya ce mun saba karanta wa juna rubutu, mai yiwuwa tunaninmu ne ya cakuɗe. Amma yarinyar tasa tana nan, ya san ta.

"To," in ji Malama Blanchard, "da ka ji babu shayi a gidansu, me ka yi mata?"

Ya yi murmushi.

"Na sayo mata. Babban kwali na ganyen shayi, mai kyau. Har da sukari."



Malama Blanchard ta cire tabaranta a hankali, ta juyo gare ni.

"Leanne, 'yata, jiya me kika samu a shayi?"

"Ƙwai da wake, Malama."

"Ni kuma kaza da shinkafa."

Hugo ya dube ta, ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi.

Ta ce ya jira a waje. Bayan fitarsa ta ce mini gurbina yana nan, kuma akwai wata makaranta a Grimsby da ta shekara uku tana neman malamin adabi. Ta ɗauki biro ta soke alamar da na sa ta a haɗa mu, ba tare da ta tambaye ni ba. Sannan ta tura mini kwalin takardar share hawaye ta juya tana duba taga, har na gama.

Ban yi murna ba. Na nemi murnar a raina na rasa.

A tashar jirgi ya ja ni wani ɗan wurin shan kofi, muka zauna a lungu. Ya yi ta magana. Wai abin da ya fara rubutawa labarin hutun da ya je ya yi fentin wata makaranta ne a ƙasar waje, Imogen ta karanta ta ce irinsa ɗari suke samu a mako, ya nemo abin da ke da jini a jika. Wai da ya ba ta labarina ita ta ce ya yi amfani da shi, tunda mai kunya irina ba za ta taɓa rubuta shi ba. Wai ba sata ya yi niyya ba, labarin ne ya zauna masa a rai har ya zama kamar nasa. Wai don mu ya yi, don gidan nan mai taga.

Na bari har ya gaji.

"Ka ba Imogen labarina."

"Lili, rabin raina, ki saurare ni..."

"Shekara biyu kana tsammanin ganyen shayi na rasa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauka... ai kin san yadda kuke da shayi a arewa. Na ɗauka kina nufin abu ya yi tsanani har wannan ma ya gagara."

"Kuka fa ka yi ranar."

"Don na ga kina kuka."

"Yunwa ce, Hugo. Wata huɗu ina kwana da yunwa."

Karo na farko ke nan da na faɗe ta da bakina. Ba ta yi nauyin da na zata ba.

Ya kama hannuna da hannayensa biyu. Ya ce bai sani ba, ya rantse bai sani ba. Kuma na yarda. Idonsa ya cika, wannan karon don abin da ya ji ne. Na ji zuciyata ta fara karkata, ta fara nemo masa hanzari: yaro ne da bai taɓa buɗe firiji ya tarar da haske kawai ba, ta ina zai sani? Na tuna yadda yake ɗumama mini safar hannu a aljihunsa. Na tuna ranar gwaji, da ya tsaya a ruwan sama yana jiran fitowata.

Sai dai akwai abin da ya ƙi kwanta mini. Ya ji da kunnensa an ce za a cire mu duka, ya san labarin wane ne, kuma ya gyara zama.

"Ki ba ni dama in gyara," in ji shi. "Don Allah, Lili."

Kafin in amsa wayarsa ta yi ƙara. Mamansa ce. Ya ce in ba shi minti biyu, ya tashi ya koma gefen kanta ya juya mini baya. Wurin ƙarami ne, muryarsa kuma irin wadda aka horar ta cika ɗaki ce.

Da farko haƙuri yake ba ta. Sai ya koma saurare, yana gyaɗa kai. Na ga kafaɗunsa sun sauko, irin na wanda aka nuna wa mafita.

"E, Mama... ana iya ɗaukaka ƙara. In ta rubuta musu cewa tare muka tsara, ita ta ba ni izini..." Ya sake saurarawa, har da 'yar dariya. "A'a, kar ki damu. Za ta rubuta. Lili ba ta musu."

Na dubi bayan rigarsa. Ni na goge ta da safe.

Gaskiya ya faɗa, ban taɓa yi masa musu ba. Yau ma ban ga abin da zai sa in fara ba.

Allon da ke saman ƙofa ya nuna jirgin Doncaster, inda ake canji zuwa Grimsby, saura minti shida. Na rataya jakata. Na mai da kujerata ƙarƙashin tebur a hankali don kar ta yi ƙara, na ratsa ta bayan wata mata mai tura keken jariri.

Yana kan waya na fita.