Zaren Wata a Rigar Shalele

Tana kwashe shanya ta ga abin. Rigar makarantar 'yarta Shalele ce, wadda ta yanka da hannunta, amma an farke hammata an ƙara ƙyalle, an kuma saki kalmasar ƙasa. Ita ma tela ce, ɗinki ba ya ɓoye mata mai shi. Kallo ɗaya ta gane hannun matar nan mai shago a bakin layi, wadda haƙoranta ba sa rufuwa in ta ga mazan mutane.

Ta sami mijinta a falo yana cire takalmi, ko hannu bai wanke ba tun dawowarsa daga gareji. Ta ɗora masa rigar a cinya.

"Abban Shalele... wa ya taɓa min wannan?"

Bai yi musu ba. Ya ce shi ya kai, wai rigar ta matse yarinyar, kuma ya ga aiki ya yi mata yawa.

Duk telolin duniya ya rasa wadda zai kai wa sai wannan? Har hango shi take a tsaye bakin shagon, matar na wani karya murya tana ba shi kujera. Ta ce masa ai da ya haɗa da nasa kayan, tunda ɗinkin gida ya daina burge shi.

Ya yi 'yar dariya. "Haba uwargida ran gida. Ni ko fuskarta ban kalla ba, naki kyan ya riga ya kashe min ido."

"Daɗin bakinka ba zai yi aiki yau ba."

Sai ya daina dariyar. Ya ce yarinya ta daɗe ba ta ɗaga hannu a aji, ko ta san amsa, don kar hammatar ta yage a yi mata dariya. Har malama ta fara cewa ta koma baya. A mota ta faɗa masa, tana kuka.

"Ni me ya hana ta faɗa min?"

"Ta faɗa miki. Kina kan keke, allura a bakinki, kika ce uhm."

Wannan uhm ɗin ta san shi, shi take ba kowa in keke na gudu. Matan unguwa kaf ta san faɗin kafaɗarsu, ba ta yanka yadin kowa sai ta zagaya shi da tef. Ta Shalele kuwa da ka ta yanka, da awon da ta riƙe tun bara, don a ganinta wa zai gaya mata jikin 'yar da ta haifa?

Kishin bai tafi ba, wuri kawai ya sauya. Ta manta da mai shago. Shi take kallo yanzu, da baƙin mai a faratansa, mutumin da bai san bambancin zaren auduga da na roba ba, amma shi ake yi wa kuka a mota. Shi ya san sunan ƙawar da aka ɓata da ita, shi ya san malamar da ake tsoro. Ita ta yi naƙuda, shi ke kwasar hira.

"Ka ƙwace min 'ya," ta ce.

"Ban ƙwace ba, masoyiya. Kashe rediyo kawai nake in ta shigo mota."

Ya riƙo hannunta. Ta zare shi daga nasa, ba da ƙarfi ba, ta wuce ɗakin ɗinki. Kayan amaryar da za a karɓa gobe na kan keke, hannu ɗaya bai haɗu ba. Ta ninke su ta tura gefe, ta ja ƙyalle ta rufe keken, ta ƙwala wa Shalele kira.

Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu, ta ɗauka faɗa ne. Da aka ce ta matso ta ɗaga hannu, sai ta ɗaga rabi, kamar yadda ta saba. Uwar ta sa tef a kafaɗarta, ta ga inda lambar ta tsaya, ta kawar da kai don kar a ga idonta. Yaushe yarinyar nan ta kai haka?

"Umma, kin gama na mutane ne?"

"Ban gama ba."

"To ba za su yi fushi ba?"

"Su yi. Zauna nan... ba ni labarin makaranta."

Shalele ta kalli keken da aka rufe, ta kalli uwarta. Ta ce ba komai, lafiya lau. Uwar ba ta matsa ba, ba ta kuma tashi ba, tef na hannunta tana naɗewa a hankali. Ta jira har ta fara fidda rai.

Can yarinyar ta gyara zama, gwiwarta ta taɓa ta uwarta.

"Akwai wata a ajinmu... amma wannan ko Abba ban faɗa wa ba."

"Ina jin ki," ta ce, ta miƙa ƙafa ta tura ƙofar.