Fitilar da Take Tona Asiri

Ranar da suka fara haɗuwa, a kan rami ɗaya suka yi faɗa.

Ita ma'aikaciyar sashen dashen itatuwa ce a ƙaramar hukuma, ita ta sa aka haƙa ramin a bakin layi don ta dasa ɗan itace. Shi kuma injiniyan sashen sola ne. Ya iso da mota da dogon ƙarfen fitila, ya tarar da rami haƙaƙƙe daidai inda taswirarsa ta nuna, ya ɗauka gata aka yi masa.

"Malam, ramina ne," ta ce.

"Malama, ramin hukuma ne."

"Ni ma ai hukumar ce ta aiko ni."

Dukansu gaskiyarsu. Shirin da hukumar ta tsara don tunkarar sauyin yanayi ya ce a cika tituna da itatuwa saboda zafi, ya kuma ce a cika su da fitilun sola saboda duhu. Waɗanda suka rubuta shi a ɗaki mai sanyi ba su tuna cewa itace inuwa yake yi, sola kuma rana take so ba.

Injiniyan ya dube ta, ya dubi ɗan itacen da ta rungume, ya ce wa ma'aikatansa su matsa gaba.

"Nan da 'yan shekaru ma sai ya tare maka rana," ta ce, don ba ta iya cin nasara ta yi shiru ba.

"To sai in dawo mu sake wani faɗan."

Ta murguɗa baki, amma ta ji maganar har cikin ranta. Sai da ta gama dashe ta ɗago kai, ta ga inda suka kafa ƙarfen: daidai ƙofar gidan babanta. Layinsu ne, ba ta gaya masa ba.

Daga nan aka haɗa su kwamiti ɗaya don a raba rigimar rana da inuwa a sauran titunan. Rigimar ta rabu, su ne ba su rabu ba. Ya sa mata suna Inuwa, ita kuma ta sa masa Hantsi, wai don shi ma sai gari ya ɗan waye yake fara amfani.

"Inuwata," ya rubuto mata wata rana, "yau mun kunna asibitin unguwa. Firjin magani ya kwana yana aiki ba ƙarar inji. Na so a ce kina wurin."

"Hantsi," ta mayar, "ni kuma awaki sun cinye min itatuwa a bayan kasuwa. Ka zo ka tsaya a wurin, ko sa ji tsoron tsawonka."

"Zan zo, amma ƙofar gida."

Fitilar ƙofar gidan tana da wani hali. Don ta tattala batir, da ɗan haske kaɗan take zama, sai mutum ya matso kusa ta buɗe ido tar, hasken ya tsallake katanga ya faɗo har tsakar gida. Saboda haka duk yammar da Hantsi ya zo, kafin ya yi sallama fitilarsa ta riga ta sanar da kowa. Mama takan dubi hasken ta ce, "Tashi, baƙonki ya iso." Mutum ya kafa abin da yake tona masa asiri da hannunsa.

Baba ne kaɗai ba ya dariya. Gyaran janareta ne sana'arsa tun kafin a haifi Inuwa, shagonsa yana can bakin layi. Da, sai an bi layi ake ganinsa. Yanzu kasuwa ta koma sola, asibiti ya koma, makaranta ta koma, shi kuma yana zaune a kan benci yana goge sifanun da ba su yi datti ba. Abin da ya fi damunsa shi ne shirun da unguwar ta yi. Wasu suna cewa sun samu barci, shi kuwa a cikin shirun yake jin cewa ba mai bukatarsa.

Ranar da hukuma ta kira taron jama'a don ta faɗi inda aka kwana, Hantsi ne ya yi bayani. Ya nuna hotunan rufin kasuwa, ya faɗi yadda hayaƙi ya ragu, aka tafa masa. Inuwa tana zaune a gefe tana jin daɗi kamar ita ake tafa wa. Sai ta ga Baba ya miƙe daga kujerun baya.

"Yaro, na ji itatuwa suna cikin shirin naku, na ji kwatoci suna ciki. Mu masu gyaran janareta, a wane shafi muke?"

Hantsi ya ajiye takardunsa. Da wani ne, da ya lulluɓe tambayar da turanci.

"Ba kwa ciki, Baba," ya ce. "Ba mu tuna da ku ba."

"Na gode da ka faɗi gaskiya."

Da yamma fitila ta haska, amma Baba ne ya fita. Inuwa tana bayan ƙyaure tana ji.

"Ba ni da faɗa da kai," in ji Baba. "Amma wanda ya rufe min shago ba zai buɗe min gida ba. Kada fitilar nan ta sake haskawa saboda kai."

"To, Baba."

Ya tafi ke nan. Inuwa ta ji haushin wannan "to" ɗin fiye da maganar Baba, ta yi kuka a ɗaki ba tare da kowa ya ji ba.

Hantsi bai sake zuwa ba. Ta ji a ofis cewa ya matsa wa kwamiti lamba har an ƙara wani sashe a shirin, za a koya wa masu gyaran janareta aikin batir da na'urorin sola, su riƙa kula da na unguwanninsu. Abokan Baba suka je. Baba ya ce shi ya tsufa da zama ɗan makaranta.

Ana haka ɗan mai gidan mai ya fara zuwa neman Inuwa. Tsohon abokin cinikin Baba ne babansa, kuma su ma sola ba ta yi musu daɗi ba, don haka hirarsa da Baba takan yi tsawo. Yakan ajiye motarsa a gindin fitila, ita kuwa ba ruwanta da wanda ya zo, haskawa take yi. Duk lokacin da hasken ya faɗo tsakar gida sai Inuwa ta miƙe, sannan ta ji ƙarar mota ta koma ta zauna. Takan fita ta gaishe shi saboda Baba, ta dawo kafin ya gama gyara hula.

Sai ga saƙon Hantsi.

"Na ga fitila tana yawan haskawa kwanan nan. Allah ya sa alheri ne."

"A kwamfutar ofis kake leƙen ƙofar gidanmu?" ta rubuta. "Mutumin da aka ce kada ya zo ya ce to, ina ruwansa da wanda ya zo?"

Daga nan saƙonni suka tsaya. A ofis suka koma "ina kwana, Malama," da "lafiya lau, Injiniya." Tana son sa kamar da, kuma tana jin haushinsa daidai da haka.

Abu ɗaya ne ya ɗan ɗaure mata kai. Zafi ya yi zafi, itatuwan da ta dasa duk sun langaɓe, amma na bakin layinsu kullum da safe gindinsa a jiƙe yake. Ta yaba wa masu tankar ban ruwa, suka karɓi yabon.

Wata yamma bayan magariba tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, hasken ya faɗo. Ba ta ji ƙarar mota ba. Ta ji muryar Baba yana kiranta, ta yafa mayafi ta fita.

Baba ne a tsaye a gindin fitila, ya riƙe hannun Hantsi kamar ya kamo ɓarawo. A ɗaya hannun Hantsin akwai jarkar ruwa da babu komai a ciki.

"Kin san wannan?" in ji Baba.

"Na san shi, Baba."

"Tun ranar da na kore shi, kullum ina shago ina kallonsa. Sai ya zo ya ba itacenki ruwa, ya tsaya a gindinsa yana kallon ƙofar nan, ya juya. Ko taki ɗaya bai taɓa ƙarawa ba."

"Idon fitilar ba ya kaiwa gindin itacen, Baba," in ji Hantsi, kansa a ƙasa. "Ka ce kada ta haska saboda ni."

Inuwa ta dubi ɗan itacen can a cikin duhu. Ashe ba kwamfuta ba ce, da idonsa yake ganin motar. Kunya da tausayi suka rufe ta lokaci ɗaya.

"Yau ma ba saboda shi ta haska ba," Baba ya ce, yana gyara murya. "Saboda ni ne. Ni na jawo shi, kuma ƙofata ce."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon akwatin da ke saman ƙarfen.

"Batirin nata a ciki yake?"

"A ciki yake, Baba."

"Makarantarku dai ba zan je ba. Gobe ka kawo min irinsa shago, in buɗe in ga abin da ya fi ni." Ya saki hannunsa. "In ka gama, ka turo manyanka."

Ya shige gida ya bar su a tsaye.

"Hantsi," ta ce a hankali, "da ka gaya min."

"Da kin fito, ta haska."

"Shi ne ka sha cizon sauro a banza."

"Ba a banza ba, Inuwata. Dubi itacenki."

Bayan damina aka ɗaura aure. A ranar, Baba ya jawo tsohon janaretansa da ya fi ƙauna ya ajiye a ƙofar gida, wai ko da sola za ta ba da kunya. Ba ta bayar ba, shi ma bai ji haushi ba, don batiran da suka riƙe taron shi ya haɗa su da hannunsa.

Da za a tafi da amarya ya dafa kanta, ya dafa kafaɗar angon.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zuri'a mai jin magana kamar wannan, amma kada ta kai shi, don ya yi yawa."

Jama'a suka ce amin suna dariya. Motar ta ja a hankali ta wuce ɗan itacen, wanda yanzu ya fi Inuwa tsawo. Ta waiwaya. Mutane sun fara watsewa, amma fitilar ba ta rage haske ba, don Baba yana nan tsaye a gindinta.