Turmin da Inna Tsahara Ta Kife

Rana ta kusa faɗuwa a unguwar Zariya, cikin garin Maraɗi. Kaji sun fara neman makwanci, hayaƙin tuwo yana tashi daga gidaje a hankali. Maliki mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙan shi, yana durƙushe a tsakar gida gaban abin da ya yi mako uku yana haɗawa. Ɗiyarsa Hidaya, mai shekara goma sha huɗu, tana tankaɗe kusa da murhu. Su biyu suka rage a gidan tun da uwarta Zainabu ta rasu da daminar da ta wuce.

Tun rasuwar Maliki ba ya son shiru. Da almuru shirun ya fi cin shi, lokacin da a da yakan ji motsin kwanonin Zainabu. Sai ya kama kunna kaset. Amma bafil ɗin rediyonsa, ƙananan lasifikun nan, kuka suke kamar gyare. Shi kuwa amo mai kauri yake so, irin wanda ke bugun ƙirji ya cika gida har mutum ya daina jin tunaninsa.

Ya sayi babbar lasifika mai faɗin faifai wurin wani mai zuwa Jibiya. Ya yi mata akwatin falanki, akwatin ya yi ta karkarwa. Ya sake wani da katako, iska ta riƙa fita ta mahaɗa. Daga nan ya gane amo mai kauri gida mai nauyi yake so, wanda ba ya motsi, ba ya yoyon iska. Sai ya tuna turmin Jiratawa.

Can Jiratawa, a kangon gidan uwarsa, marigayiya Inna Tsahara, akwai babban turmin ƙirya a kife bayan ɗaki, da dutse a kansa. Tun yana yaro haka ya san shi. Inna ba ta daka a ciki, ba ta bari a zauna a kai, kuma ba ta taɓa faɗin dalili ba. Maliki ya ture dutsen, ya ƙwanƙwasa icen ya ji babu tsaga, ya ɗauko shi a amalanke har Maraɗi. Ya cusa auduga a ciki, ya huda gefe ya sa guntun bututu don iska ta sami mafita, ya kafa lasifikar a bakin turmin ya liƙe da kwalta. Ya naɗa waya a kan ƙarfe don ta tare siraran muryoyi, masu kauri kaɗai su wuce.

Yammacin nan ya jona wayar ƙarshe, ya danna kaset.

Dum. Dum. Dum. Ruwan randa ya kama rawa. Maliki ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba.

Hidaya ta aje rariya. "Baba, kamar ana daka."

"To, sai mi?"

"Inna ta ce ba a daka da almuru."

"Kin ga taɓarya a hannuna? Kuran ne ke aiki, wutar lantarki."

Bai rufe baki ba dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Wani ya biyo. Na uku ya faɗi gaban murhu, ya watsa garin Hidaya.

Shekarar zaɓe ce. Jam'iyyu sun yi yawa, maƙwabta sun daina gaisawa a kan hoton da aka liƙa a ƙofa. Kaset ɗin Maliki waƙar jam'iyyarsu ce, maƙwabcinsa Chaibu tela kuwa ɗan wata jam'iyyar ne. Maliki bai yi wani dogon tunani ba, ya hau bulo ya leƙa ta katanga.

"Chaibu! In waƙar ta ƙona maka rai, zo ka faɗa da baki."

Chaibu yana alwala. Ya ɗago kai. "Maƙwabci, ni na jefe ka? Ƙuri'ata ce dutsena, kuma tana nan tafe. Amma ka rage wannan abu, allura ma tsalle take a kan keke."

Kwana biyar ana haka. Da ya kunna da almuru, sai jifa ta fara. Ya laɓe a zaure, bai ga kowa ba. Ya hau katanga ya tsura wa gidan Chaibu ido, Chaibu na kan buzu yana jan carbi, dutse ya faɗo bayan Maliki. Ya ce to hayar masu jifa aka yi. Ya zargi masu kabu-kabun bakin titi. Har Hidaya ya tsare da ido, ya ce ta buɗe hannuwanta, ta buɗe tana hawaye. Abu ɗaya ya ƙi faɗa wa kowa: duwatsun da ɗumi suke, kuma ba su zuwa ta gefe. Daga sama suke saukowa, a miƙe.

Ran na shida ma'aikata suka shiga yajin aiki, kuran ya ɗauke tun azahar. Da almuru unguwa ta yi tsit. Maliki yana zaune, rediyo a mace, waya a zare.

Dum.

Ya dubi turmin. Fatar lasifikar tana shiga tana fita ita kaɗai.

Dum. Dum.

Hidaya ta dafe kai da hannu biyu. "Baba, a kaina ake daka," ta ce a hankali, sai ta zube. Da ya ɗago ta, idanunta a buɗe suke amma ba shi take kallo ba. Ta ɗauke hannunsa daga jikinta da ƙarfin da bai san ta da shi ba.

Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. A gidan likita aka auna ta, aka ce ba zazzaɓi. Kullum da almuru turmin yana bugawa, ita kuma tana buga kanta da ƙasa daidai da shi, har goshinta ya fashe. Chaibu ne ya shigo ba sallama, ya duba yarinyar, ya duba turmin, ya fita. Kafin la'asar ta washegari ya dawo daga garin Tsibiri da Malam Zakariya'u a bayan babur.

Malam tsoho ne mai ƙaramin jiki. Bai yi tambaya a kan jifa ba. Ya zagaya turmin, ya ga shatin ƙasa a bakinsa.

"Wannan a kife ya daɗe. Wa ya buɗe?"

Maliki ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce a jira rana ta faɗi. Suka yi sallar magariba a tsakar gida, Malam ya zauna gefen yarinyar, ya kama babban yatsanta ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa. Turmin ya buga sau ɗaya. Hidaya ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Sake ni, Malam. Ba da kai nike ba."

"Wace ce ke?"

"Mai turmi. Tsahara ta san ni. Ta tarar da ni ina naƙuda a ƙarƙashinsa, ba ta yi ihu ba, ta ɗora dutse ta tafi. Shekara arba'in ba ta taɓa mu ba, mu ma ba mu taɓa nata ba. Ɗanta ya zo ya kwashe mu, ya toshe mu da auduga, ya huda mana bango, yana daka mu lokacin da ɗiyana ke fita. Ya ɗauki gidana, na ɗauki nashi."

"Yarinya ba gidanki ba ce. Mi kike so ki fita?"

"Baƙin bunsuru."

"Ba a zubar da jini don wanin Allah. Faɗi wani."

Ta karkata kai. "Autana ya kurumce. Kunne da kunne. Zan tafi da nata."

"Ki ɗauki nawa!" in ji Maliki. Da kunnen yake cin abinci, amma bai tsaya tunani ba.

Malam ya ɗaga masa hannu, ya ƙara karatu har jikin yarinyar ya kama rawa. "Ba nata, ba nashi. Bai san kuna ciki ba. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku."

Ta daɗe tana huci. Daga baya ta juyo ta dubi Maliki, kallon wanda ya san cikin mutum.

"To. Ya mayar da turmi da hannunsa kafin rana ta faɗi gobe. Ya toshe hudar. Kuma daga kiran magariba zuwa isha'i kada a sake kunna komi a gidan nan muddin ransa. Shirun da yake gudu, da shi zai biya."

"Na yarda," in ji Maliki. Sai bakinsa ya suɓuce. "Baiwar Allah, kin ga Zainabu?"

"Maliki!" Malam ya daka masa tsawa.

"Matattu ba wurinmu suke ba," in ji muryar, ta yi sanyi. "Abin da ta bar maka yana gabanka, kana ta rufe shi da ƙara."

Hidaya ta yi atishawa sau uku, ta kwanta. Can ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Da safe Maliki ya ɓamɓare lasifikar, ya zare audugar, ya toshe hudar da guntun ƙirya. Shi da Chaibu suka bi amalanke har Jiratawa. Shatin turmin yana nan a ƙasa bayan ɗaki, ko ciyawa ba ta fito a ciki ba. Ya kife shi daidai wurin, ya ɗora dutsen. A hanyar dawowa ya ce, "Chaibu, ka yafe mani." Chaibu ya ce, "Na yafe. Amma ran zaɓe ba yafiya."

Rana ta faɗi. Aka kira salla. Maliki ya dawo daga masallaci ya zauna a kan tabarma, hannunsa ya tafi wurin rediyo, ya janye shi. Shirun ya sauko ya zauna tare da shi, da nauyinsa kamar kullum.

Daga wajen murhu ya ji an aje kwano. Aka ƙwanƙwasa mara a bakin tukunya sau biyu, sannan aka rufe. Ya ɗago kai.

"Hidaya, wa ya koya maki buga mara sau biyu?"

"Mama. Kullum haka nike yi, Baba. Ba ka ji ne."